AJIYA KO MALLAKA? TUNANI A KAN GANDUN NAMUN HAMADA

Gabatarwa

Akwai wata tambaya da takan daɗe tana yi wa mutum kai-kawo a zuci bayan ya ziyarci gandun da aka keɓe domin kiwon namun hamada da kare su daga ƙarewa. Tambayar ita ce: idan aka kama dabbar da aka halitta domin yawo a sararin da ido ba ya ganin iyakarsa, aka kewaye ta da shinge, sa'an nan aka ce an yi haka ne don a tsirar da ita, shin alheri aka yi mata, ko kuwa ɗauri ne aka laƙaba wa suna mai daɗi? Wannan maƙala za ta auna amsoshin biyu ta hanyar bin sawun dabba guda, wato mariri. Matsayin da za ta tsaya a kai shi ne, irin wannan gandu ajiya ce a hannun ɗan Adam, darajar mai ajiya kuwa tana bayyana ne ranar da ya mayar da kaya ga mai su.

Abin da Ido Ke Gani

A birnin Al Ain na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, a gindin dutsen Hafit, akwai gandun namun daji wanda Shaihu Zayid ɗan Sultan ya kafa a shekarar 1968. Ko da yake akwai dabbobin nahiyoyi daban-daban a cikinsa, abin da ya fi fito da sunansa shi ne kiwon namun hamada. Mai ziyara zai tarar da barewa iri-iri, zai kuma tarar da mariri kashi biyu. Akwai na ƙasar Larabawa, fari mai miƙaƙƙen ƙaho, wanda suke kira al-maha, wanda kuma mawaƙansu na dauri suka sha kwatanta idon masoyiya da nasa. Akwai kuma na Afirka, mai jan wuya da dogon ƙaho lanƙwasasshe zuwa baya kamar baka. Shi ne wanda garkunansa suka taɓa cika gefen Sahara tun daga Muritaniya har Sudan, kuma da fatarsa ce Buzaye suka daɗe suna yin garkuwar yaƙi.

Gani ya kori ji, in ji masu iya magana, kuma lalle wanda ya tsaya ya ƙura wa mariri ido zai ga abin mamaki. Farin gashinsa yana mayar da zafin rana. Faffaɗan kofatonsa yana hana shi nutsewa cikin rairayi. Jikinsa yakan jure zafi mai tsanani kafin ya soma zufa, don kada ya ɓarnatar da ɗan ruwan da ke gare shi. Yana iya yin watanni bai sa baki a tafki ba, domin ruwan da ke cikin ciyawa da guna ya ishe shi. A da, na Afirka yakan bi ruwan sama ya yi arewa da damina, ya komo kudu da rani. Ke nan kowace gaɓa ta jikinsa an yi ta ne daidai da wata wahala ta hamada. To, a cikin gandu ga inuwa, ga kwamin ruwa, ga harawa ana kawowa a kan lokaci, ga likita. Duk wannan baiwa tana nan tare da shi, amma babu abin da zai yi da ita. Nan ne tunanin mai ziyara yake rabuwa biyu.

Hujjar Masu Suka

Masu sukar irin wannan gandu suna da magana, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Suna cewa abin da ake kira mariri ya wuce fata da ƙaho. Ya haɗa da tafiyar da yake yi, da sanin inda ciyawa take tsirowa bayan ruwan farko, da tsoron da ke sa shi gudu. Idan aka raba shi da waɗannan, abin da ya rage surar mariri ce kurum. Suna ƙarawa da cewa ita dabbar da ke tsaye a bayan shinge ba ta san wani abu wai shi ƙarewar jinsi ba. Ranta guda ne, kuma a tsare za ta ƙare shi, saboda wata manufa da ba tata ba.

Hujjarsu mafi zafi kuwa ta shafi mu ne masu kallo. Shekaru aru-aru mutanen hamada suna farautar mariri a kan doki da raƙumi, da mashi da raga da karnuka, bai ƙare ba. Abin da ya gama da shi shi ne zuwan mota mai ratsa rairayi da bindiga mai sarrafa kanta a ƙarni na ashirin, sai kuma fari da yaƙe-yaƙe da rijiyoyin burtsatse da suka ba dabbobin gida damar zama a makiyayar da a da ba sa iya daɗewa a cikinta. Saboda haka, a ganin masu suka, wanda ya yi ɓarnar shi ne ya sake riga ya dawo a matsayin mai ceto. Mai ziyara ya biya kuɗin shiga, ya ɗauki hoto, ya koma gida zuciyarsa a sanyaye cewa ai dabbar tana nan, alhali gidanta ya zama kufai.

Hujjar Masu Goyon Baya

Masu goyon baya ba sa buƙatar dogon bayani, tarihi kawai suke nunawa. A shekarar 1962, da aka ga maririn Larabawa ya kusa ƙarewa, wata tawaga ta shiga hamadar da yanzu take cikin ƙasar Yaman, ta samo guda uku da rai, maza biyu da mace ɗaya. Aka kai su gidan namun daji na birnin Finiks a jihar Arizona ta Amurka, saboda yanayin wurin ya yi kama da nasu. Aka haɗa su da waɗanda aka samo daga Landan da Kuwaiti da Saudiyya, suka zama tara. Shekara goma bayan wancan kamu, a 1972, aka ga bayan na ƙarshe da ke yawo a daji a ƙasar Oman. Da ba a yi wancan ɗauri ba, da kiwon da wasu sarakunan Larabawa suka yi a gidajensu, da yanzu sai dai a ji labarin al-maha a bakin mawaƙa. Malam Bahaushe ya ce da babu gara ba daɗi.

Bugu da ƙari, ɗaurin bai zama na har abada ba. A shekarar 1982 aka saki garke na farko a filin Jiddatul Harasis da ke tsakiyar Oman, aka kuma ɗauki mutanen ƙabilar Harasis, waɗanda ƙasar tasu ce, su zama masu gadi. Garken ya yi ta hayayyafa har ya kai kimanin 450 a 1996. Tun a 1994 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Darasin Oman da na Cadi

Da labarin ya tsaya a nan, da muhawara ta ƙare. Sai dai daga 1996 ɓarayin daji suka soma kama maririn da rai, suna sayar wa masu hannu da shuni da ke son su kewaye shi a gonakinsu su riƙa kallo. Daga baya gwamnatin ƙasar ta rage faɗin wurin da kashi 90 cikin ɗari, aka shiga neman man fetur. A 2007, lokacin da maririn da ya rage a can bai wuce 65 ba, UNESCO ta cire wurin daga jerinta, kuma shi ne wuri na farko da aka taɓa yi wa haka.

Ya kamata mai karatu ya tsaya a kan wannan. A karo na farko masu son nama da wasan harbi ne suka share hamadar. A karo na biyu masu sha'awar dabbar ne, waɗanda suke ganin kyanta har suke son ta zama tasu. Ashe ƙauna ma tana iya yin ɓarnar da ƙiyayya take yi, muddin ta rikiɗe ta zama son mallaka. Shingen mai ceto da shingen mai tara abin kallo da waya iri ɗaya ake yin su; niyya da ƙarshen al'amari su ne suke bambanta su.

Labarin maririn Afirka ya zo da ɗaya ɓangaren darasin. A shekarar 2000 ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun da ke fuskantar haɗari, ta bayyana cewa babu sauran ko ɗaya a daji. Wanda ya rage yana gidajen namun daji da gandaye, kuma da yawansu jikokin waɗanda aka kama a Cadi ne a shekarun 1960. A watan Maris na 2016 aka ɗauko guda 25 a jirgin sama daga Abu Dabi zuwa gandun Wadi Rime da Wadi Ashim a tsakiyar Cadi, wanda aka keɓe tun 1969, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 78,000. Aka fara ajiye su a wani makeken shinge har suka saba da ƙasar, aka ɗaura musu na'urar da tauraron ɗan Adam ke bin sawunta, sa'an nan da damina ta sauka aka buɗe ƙofa. Dabbobin da su da iyayensu da kakanninsu ba su taɓa neman abinci da kansu ba, sai ga su suna bin ciyawa, suna haihuwa a daji. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Aka ci gaba da kawo wasu garkunan, har a watan Disamba na 2023 ƙungiyar ta fitar da shi daga sahun waɗanda suka ƙare a daji, ta mayar da shi sahun masu fuskantar haɗari.

Abin lura shi ne, gandun na Cadi ba shi da katanga, kuma makiyaya suna kiwon raƙumansu da shanunsu a cikinsa. Wannan yana da muhimmanci ta fuskar adalci. Talakan makiyayi ba shi ne ya zo da mota da bindiga ba, don haka zalunci ne a kore shi daga makiyayar kakanninsa a ce ana biyan bashin da wani ya ci. Ceton da ya mayar da maƙwabcin dabba abokin gabarta ba zai daɗe ba.

Ajiya da Sharuɗɗanta

A al'adarmu, idan mutum zai yi doguwar tafiya, ko gobara ta ci gidansa, yakan kai kayansa ajiya wurin amintacce. Mai ajiya yana da ikon kulle kayan a ɗakinsa, babu mai zarginsa. Amma kowa ya san kayan ba nasa ba ne, kuma ranar da ya soma jin daɗin riƙon har ya daina fatan mai su ya dawo, ya fara cin amana ko da bai taɓa ko allura ba. Haka gandun namun hamada yake. Hamada ce mai kaya, gobarar kuwa mu muka cinna ta. Ɗaurin yana halatta ne gwargwadon yadda ake aikin gyara gidan da za a koma, kuma gwargwadon yadda ake kyautata wa dabbar da ba za ta ga ranar komawar ba, tunda ita ce take biyan kuɗin tsirar jinsinta da 'yancinta. Masu suka sun yi gaskiya cewa an tauye ta. Abin da za a ce musu shi ne, tauyewar da ke da ranar ƙarewa ta fi asarar da ba ta da magani.

Mu ɗaliban harshe ya kamata mu fi kowa fahimtar wannan. Kalmar mariri tana nan a tsofaffin ƙamusoshin Hausa, amma in aka tambayi ɗalibai a aji, mafi yawa unguwar nan ta Kano mai kasuwar goro za su tuna. Ƙamus ya adana kalmar, ya kuwa kyauta; sai dai kalma ba ta rayuwa sai a bakin masu magana, kamar yadda mariri ba ya cika mariri sai a bakin hamada.

Kammalawa

Saboda haka, ziyarar irin wannan gandu ba laifi ba ce, kuma yaron da ya ga mariri da idonsa ya fi kusa da damuwa da makomarsa fiye da wanda bai taɓa jin sunansa ba. Abin da ake nema ga mai ziyara shi ne kada kyan abin da ya gani ya mantar da shi dalilin da ya sa yake ganin sa a nan. Ya tambayi masu gandun dabbobi nawa suka mayar gida, ya kuma tambayi kansa wace dabba ce take kan hanyar shiga ajiya a yau. Amsar ba ta da nisa da mu. A yankin Termit da Tin Tumma na Jamhuriyar Nijar, wanda aka keɓe a 2012, akwai wani ɗan'uwan mariri mai murɗaɗɗen ƙaho da Turawa ke kira adaks. Binciken da aka yi ta sama da ta ƙasa a 2016 guda uku kacal ya gano, bayan aikin neman man fetur da farautar masu ɗauke da makamai sun addabi yankin. Mayar da mariri Cadi ya ci jirage da likitoci da dukiya mai yawa da shekaru masu tsawo. Barin dabba a gidanta tun farko abin da yake bukata shi ne doka mai aiki da kame hannu. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar abin da aka ba mu ajiya, amin.