Wa Ke Auna Sikelin?

Ina yaro a Bibemi, ranar awon auduga tamkar ranar salla take. Kawuna yakan tashe mu tun asuba mu kai dammunan auduga bakin sikeli. Wata shekara, muna jiran layi, wani dattijo ya dube shi ya ce, "Malam, sikelin nan yana auna mu, to shi wa ke auna shi?" Ba wanda ya ce an cuce shi a ranar, dariya kawai aka yi. Ni kuwa tambayar ta zauna mini a rai har yau.

A arewacin Kamaru, mai sayen auduga ɗaya ne, wato kamfanin SODECOTON da aka kafa a 1974, mai hedkwata a Garwa. Shi ke ba manomi iri da taki da maganin ƙwari bashi, shi ke sayen amfanin, a cire bashin daga kuɗin. Manoma kan haɗu rukuni-rukuni suna lamuntar juna, idan ɗaya ya gaza biya sauran su ɗauka. Gwamnati ce ke da mafi yawan hannun jarin kamfanin.

A nan matsalar take. A 2011 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idoji kan kasuwanci da haƙƙin ɗan Adam, waɗanda John Ruggie ya tsara. Sun ɗora wa gwamnati kare mutane, sun ɗora wa kamfani mutunta haƙƙinsu, sun kuma ce wanda aka cutar ya sami inda zai kai kuka. To idan mai karewa shi ne babban mai cin riba fa? Duk lokacin da jami'i ya ce a ƙara kashe kuɗi wajen kare lafiyar mai feshi, aljihun ubangidansa yake taɓawa. Ko mutumin kirki ne, an sa shi a tsaka mai wuya.

Ba zan ɓoye alherin tsarin ba. Ana sanar da farashi kafin shuka, manomin da banki ba zai kula shi ba yana samun taki, kamfanin kuma yana gyara hanyoyin karkara. Wani zai ce wanda ya ba ka wannan duka bai cancanci tuhuma ba. Ni ina ganin akasin haka. Gwargwadon yadda rayuwarka ta rataya a hannun mutum, gwargwadon haka kake bukatar wanda zai iya ce masa a'a. Wanda bashi ya ɗaure ba ya iya ɗaga murya, ko da yana da gaskiya.

Magabata sun gane wannan. A kasuwannin Musulmi na dā akwai muhtasibi mai duba mudu da sikeli, kuma amfaninsa ya dogara ne ga rashin rumfarsa a layin da yake dubawa. Sayar da kamfani ga 'yan kasuwa ba zai kawo mana irinsa ba, mai sikelin kawai za a canza. Abin da ake bukata shi ne mai duba wanda albashinsa bai dogara da ribar bana ba. Dokar 2019 ta kafa Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Kamaru. Ma'aunin amfaninta a wurina shi ne ko manomin da bai iya Faransanci ba zai iya kai ƙara da Fulatanci ko Hausa, a saurare shi, kuma ya sami taki baɗi.

Maganar ta wuce auduga. Kamfanin Oriole Resources na Birtaniya yana binciken zinariya a yankin Bibemi, kuma haƙar ma'adinai kan taɓa gonaki da rijiyoyi. Gara a san wanda zai auna sikelin tun kafin a kafa shi.