Mudun Alƙali

Jama'a, in mai awo ya tauye mudu kaɗan, mai saye guda ba ya ganewa. Sai an tara awon kasuwa duka sa'an nan giɓin ya fito. To, zaluncin da ba ya bayyana sai an yi jimla, shari'a za ta kira shi zalunci ko kuwa?

Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke hukunci a kan wannan magana cikin 1987. Wani baƙin mutum, Warren McCleskey, ya shiga fashi a wani kanti a birnin Atlanta ta jihar Jojiya cikin 1978, aka harbe ɗan sanda Bature, aka yanke masa hukuncin kisa. Lauyoyinsa suka kawo binciken wani malami, David Baldus, wanda ya bi shari'un kisankai fiye da 2,000 na jihar. Ya tarar wanda ya kashe Bature ya fi wanda ya kashe baƙi kusantar hukuncin kisa sau huɗu da ɗoriya. Ku lura, launin mamacin ne ya fi rinjayar da ma'auni, watau jinin wani ya fi na wani tsada ke nan.

Alƙalai 5 cikin 9 suka ƙi. Suka ce sai ya nuna a cikin shari'arsa, shi kansa, wani ya yi nufin nuna masa bambanci. Lalle hujjar ba ta rasa ƙarfi ba, gama mutum ne a gaban alƙali, ba lissafi ba. Amma wa zai miƙe ya ce launi ya duba? Sau da yawa ma shi bai sani ba. Ni da ke duba takardun yara na san yadda alƙalami kan yi sauƙi ga wanda zuciya ta kwanta da shi, ba da shawarar mai shi ba.

Alƙali Lewis Powell, wanda ya rubuta hukuncin, ya ƙara da cewa in an karɓi wannan ƙara, tsarin hukunci duka zai girgiza. A ganina nan ya kasa. Sarkin kasuwa ba ya ƙin gwada mudu don tsoron ya iske duka a tauye.

An kashe McCleskey cikin 1991. Bayan Powell ya bar aiki, ya gaya wa mai rubuta tarihinsa da za a sake, da ya juya ƙuri'arsa.