Jami'ar da Ta Kira Baƙo, Ita Ke Tsaya Masa

Ranar 6 ga Yuli, 2020, ana tsaka da annobar korona, hukumar shige da fice ta Amurka ta fitar da sanarwa cewa duk ɗalibin ƙasar waje da jami'arsa ta mayar da karatu kacokan ta intanet, to ya tattara nasa ya nasa ya bar ƙasar, ko kuma ya nemi wata makarantar da ake shiga aji. A lokacin ɗaliban ƙetare a Amurka sun haura miliyan ɗaya, jirage da yawa ba sa tashi, ƙasashe da dama sun rufe iyakokinsu. Bayan kwana biyu jami'o'in Harvard da MIT suka garzaya kotun tarayya a Boston, wasu jami'o'i sama da 200 suka mara musu baya, ranar 14 ga watan gwamnati ta janye. An sake kwatanta haka a 22 ga Mayu, 2025, da gwamnati ta soke izinin Harvard na ɗaukar ɗaliban waje, waɗanda suka haura kashi ɗaya cikin huɗu na ɗalibanta. Washegari jami'ar ta shigar da ƙara, mai shari'a Allison Burroughs, wadda ƙarar 2020 ma gabanta ta je, ta dakatar da umarnin. Mutane da yawa sun yaba, kamar yadda ake yaba wa mai kyauta. Ni kuwa ina ganin abin da jami'o'in nan suka yi bashi ne suka biya, kuma da sun yi shiru da sun ci amana.

Dalilina yana cikin yadda ɗalibin ya zo tun farko. Yaron da ya taso daga Kano ko Damagaram bai isa ya tunkari ofishin jakadancin Amurka neman bizar karatu ba sai da wata takarda mai suna I-20, wadda jami'a ce kaɗai ke ba da ita, da sa hannun jami'inta. Kafin a ba shi sai ya nuna shaidar banki cewa yana da kuɗin shekara guda, abin da a gidaje da yawa ke nufin an sayar da fili ko an ci bashin dangi. Idan ya isa, zamansa a ƙasar yana rataye da wani kundin kwamfuta na gwamnati, jami'in jami'a ke shigar da bayanansa: ya yi rajista, ya ɗauki darussan da suka cika, ya sauya gida. Aikin da zai yi don ya samu na abinci an ƙayyade masa awa 20 a mako, a cikin makaranta. Ba ya zaɓe, ba shi da ɗan majalisa, ba shi da kawu a gari. Duk wata ƙofa da zai ƙwanƙwasa idan abu ya ɓaci, ƙofar jami'a ce. Wanda ya kira mutum ya tsallake teku a kan maganarsa, ya kuma san cewa in ya sake shi babu mai kama shi, ya ɗauki nauyin da ya wuce koyar da darasi.

Fiƙihun Musulunci ya daɗe da ba wannan nauyi suna da hukunci, a babin amana ga baƙon da ya shigo ƙasa bisa alkawarin tsaro. Aya ta 6 ta Suratut Tauba ta umarci Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya ba da mafaka ga mushirikin da ya neme ta don ya saurara, sannan ya isar da shi inda zai aminta. Abu biyu ya kamata a lura da su. Wanda ake magana a kansa daga ɓangaren abokan gaba yake, ana cikin halin yaƙi, kuma abin da ya kawo shi sauraro ne, wato neman sani. Sannan nauyin bai ƙare da gama sauraro ba, ko ya karɓa ko bai karɓa ba, sai an kai shi tudun mun tsira. A ranar buɗe Makka, Ummu Hani ta ba wani mafaka, ɗan'uwanta Aliyu ya so ya kashe shi, Annabi ya zartar da mafakarta. Daga nan malamai suka fahimci cewa ba sarki kaɗai ke ba da amana ba. Sun ma ƙara da cewa idan baƙo ya shigo saboda wata alama da ya ɗauka amana ce, ko da ba haka aka nufa ba, ba a cutar da shi, ana mayar da shi inda ya fito lafiya. Ba ina cewa wannan babi yana hawa kan Harvard a matsayin fatawa ba. Hikimar da ke ƙarƙashinsa ce nake nufi, kuma kowane mai hankali yana iya ganinta: dogaron da ka jawo a zuciyar wani, kai ke da alhakinsa.

Turai ma ta isa ga wannan fahimta ta tata hanyar. Jami'ar Bolonya a Italiya ta ginu ne a kan ƙungiyoyin ɗaliban da suka zo daga wasu ƙasashe, waɗanda dokar gari ba ta kāre su. Al'adar lokacin ita ce in wani ɗan ƙasarku ya ci bashi ya gudu, kai za a kama. Wajen 1155 sarki Frederick Barbarossa ya yi dokar da ta haramta kama ɗalibi saboda bashin mutanen garinsu, ta kuma ba shi kāriya a hanya. Bayan ƙarni takwas da ɗoriya, a Yuni 2025, an hana 'yan ƙasashe 12 shiga Amurka, ciki har da Chadi da Sudan, kuma yarinyar da ta ci jarrabawa a Injamena ta rasa gurbinta saboda taƙaddamar da ke tsakanin gwamnatoci. Tsohon zaluncin ne ya dawo. Kakanninmu kuwa sun san wahalar ɗan makaranta a baƙon wuri, shi ya sa mutanen Kanem suka kashe dukiyarsu aka gina makarantar Ibn Rashiƙ a Masar a shekarun 1240 domin masu zuwa daga ƙasarsu, Azhar kuma ta keɓe wa mutanen Barno masaukinsu a cikin masallacin, da rabon burodi daga waƙafi. Masu waƙafin nan ba su raba ciyar da ɗalibi da koyar da shi ba.

Hujja mafi ƙarfi da ake kawowa a kan wannan ra'ayi ita ce ta 'yan ba-ruwanmu. A 1967 wani kwamiti a Jami'ar Chicago ƙarƙashin Harry Kalven ya ba da shawara cewa jami'a a matsayinta na hukuma kada ta ɗauki ɓangare a rigingimun siyasa, ta bar malamai da ɗalibai kowa ya faɗi nasa. Akwai gaskiya a nan da ban raina ba. Shugaban jami'ar da ke fitar da sanarwa kan kowane yaƙi yana rufe bakin malamin da ya saɓa masa, kuma Harvard kanta ta rungumi irin wannan tsari a 2024. Amma rahoton Kalven da kansa ya ware yanayin da ake barazana ga ainihin aikin jami'a, ya ce a nan dole ta tashi ta kāre kanta. Ra'ayi a kan yadda ƙasa za ta tsara iyakarta siyasa ce, jami'a tana iya kame bakinta. Ɗalibin da ke shekara ta uku a ɗakin bincike, aka ce ya bar ƙasa a cikin kwanaki ba tare da an tuhume shi da komai ba, wannan cikin gidan jami'a aka shigo. Shirun da za ta yi a nan ba zai bar ta a tsakiya ba, domin ita ke riƙe da kundin da za a kore shi da shi.

Wani zai ce ƙasa ce ke da iko da wanda zai zauna a cikinta, jami'a ba gwamnati ba ce, ta ina za ta ba da amanar da ba ta mallaka ba? Na yarda ƙasa tana da wannan iko, na kuma yarda ɗalibin da ya aikata laifi ya fuskanci hukunci kamar kowa. Ko a fiƙihu, shugaba yana da damar duba amanar da wani ya bayar, ya warware ta in ya ga cuta. Sai dai warwarewar tana da ladabi: a sanar, a faɗi dalili, a ba mutum damar kai kansa inda zai aminta. Abin da ake nema ga jami'a bai wuce ta tsaya a kan wannan ladabi ba. A watan Afrilun 2025 an goge sunayen dubban ɗalibai daga kundin gwamnatin Amurka, da yawansu ba a sanar da su ba, jami'an makaranta ne suka riƙa ganowa da suka buɗe kwamfuta, wasu kuma a kan ƙananan abubuwa ko tuhumar da kotu ta riga ta kora. Bayan ƙararraki masu yawa gwamnati ta mayar da sunayen kafin watan ya ƙare. Jami'ar da ta duba kundin kullum, ta kira ɗalibinta tun kafin a ƙwanƙwasa masa ƙofa, ta haɗa shi da lauya, ta bar shi ya ci gaba da karatu, ba ta yi wa ƙasa tawaye ba. Kotu ta kai maganar, kotu kuwa ɓangare ne na ƙasar.

Sai masu cewa duk wannan kishin na aljihu ne. Ɗaliban waje suna biyan kuɗi mai tsoka, a Ingila ma kuɗinsu ne ke toshe giɓin jami'o'i da yawa, don haka jami'a kasuwarta take kārewa. Ba na musun cewa kuɗi na cikin lissafin. Amma karɓar kuɗi ƙara nauyi yake yi. Fatoman da ya sauki falke a gidansa yana cin la'ada, kuma saboda la'adar nan ne idan an cuci baƙonsa a kasuwa shi ake nema, shi ke tsayawa. Inda za a gane niyya shi ne ranar da baƙon ya kasa biya. Tsakanin tsakiyar 2023 da farkon 2024 naira ta faɗi daga wajen 460 a dala zuwa sama da 1,500, ajiyar iyaye ta narke a hannunsu. A Jami'ar Teesside da ke arewacin Ingila, wasu ɗaliban Najeriya da suka kasa cika kuɗin makaranta a kan lokaci an tsayar da karatunsu, an kai sunansu ma'aikatar cikin gida, aka ce su bar ƙasar, wasunsu ana dab da gamawa. Jami'ar ta ce ƙa'idar biza ce ta ɗaure ta, daga baya ta mayar da wasu, ta taimaka wa wasu da kuɗin jirgi. Ɗaurin dokar gaskiya ne, amma tsarin biya kashi-kashi, da asusun agaji, da yawan haƙurin da za a yi kafin a aika suna, duk a hannun jami'a suke. Wadda ta aika wakilai har Legas da Abuja suna tallar gurbi ya kamata ta san cewa kuɗin ƙasashen da take tallar a cikinsu yana iya faɗuwa, ta yi tanadi tun kafin ranar.

Har masu goyon bayan ɗaliban waje ina da ja da yadda suke kāre su. Kullum hujjarsu amfani ne: biliyoyin dalolin da suke kawowa, kamfanonin da suke kafawa, lambobin yabon da suke ciyowa. Ana yawan tuna cewa ƙungiyar da William Beveridge ya kafa a Landan a 1933 don ceto malaman da 'yan Nazi suka kora daga jami'o'in Jamus ta taimaki mutanen da 16 daga cikinsu suka ci kyautar Nobel. Abin alfahari ne, amma waɗanda suka yanka wani abu daga albashinsu a shekarar ba su san wa zai ci kyauta ba, kuma mafi yawan waɗanda aka ceto sun rayu sun mutu ba a ji sunansu ba. Hujjar amfani tana da haɗari, domin ranar da lissafi ya nuna baƙo ba ya kawo riba, ita ce za ta juyo ta kore shi. Ɗalibi mai matsakaiciyar ƙwaƙwalwa daga ƙasa matalauciya, wanda ba zai ƙirƙiro komai ba, haƙƙinsa a kan jami'ar da ta kira shi daidai yake da na haziƙi.

Wannan ma'auni yana hawa kanmu kamar yadda yake hawa kan Boston. Jami'o'in Zariya, Kano, Sakkwato da Maiduguri suna karɓar ɗalibai daga Nijar, Chadi da Kamaru, 'yan Najeriya kuma suna karatu a Maraɗi da Yamai. A 2022 yajin aikin malaman jami'o'in Najeriya ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ɗan gari ya koma gidan ubansa ko shagon yayansa. Wanda ya zo daga Abeche ko Garwa, da kuɗin haya da aka ƙirga masa na shekara huɗu, da takardar zama mai wa'adi, kowane wata da ya wuce asara ce da babu mai mayar masa. Jami'ar da ta buga masa takardar shiga tana da abin yi ko da azuzuwa a rufe suke: ta bar masa ɗakin kwana a buɗe, ta rubuta wa hukumar shige da fice a madadinsa, ta ajiye jami'i guda da ya san sunansa kuma yake ɗaga waya.