Araha Ba Ta Wanke Kaya

A ƙasarmu ta Kura da Bunkure, sayen kayan hannu ba abin kunya ba ne. Ruwan da muke noman rani da shi yana gangarowa ne daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ya biyo magudanan Kadawa ya shayar da shinkafa da alkama da tumatir. Wanda gonarsa ta yi tudu, ko ta yi nisa da magudana, ba shi da makawa sai da injin ban-ruwa, kuma da yawa daga injinan nan sun sha aiki a hannun wani kafin su iso ga masu su na yanzu. Saboda haka muna da ladubban sayen na hannu. Da mudun nan nake so in auna wani ciniki da ya yi nisa da fadamunmu, wato sayen jirgin ruwan alfarma mai inji wanda wani ya riga ya more. Tambayata ita ce: shin arahar da attajiri ya samu ta isa ta wanke cinikinsa?

Manomin da ya je sayen inji yakan yi tambaya biyu kafin ya taya. Ta farko: na wane ne, kuma me ya sa zai rabu da shi? Yakan nemi rasit, ya kafa shaidu, ya sa dillalin da aka san gidansa ya tsaya, domin satar injina a gona ba baƙon abu ba ne. Malamanmu na fiƙihu sun karantar da cewa in mai kaya na asali ya bayyana da hujja, zai karɓe abinsa, mai saye kuwa ya bi wanda ya sayar masa. Tambaya ta biyu: me zai ci, me zai kawo? Injin da ke shan mai fiye da ruwan da yake ɗagowa, ko kyauta aka ba ka an cuce ka.

Mu ɗora tambayar farko a kan jirgin da Nijeriya ta fi saninsa. Kamfanin Heesen na ƙasar Holan ya ƙera Galactica Star a 2013, tsawonsa mita 65. A Yulin 2017 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta nemi kotu ta ƙwace shi, tana mai cewa ɗan kasuwa Kolawole Aluko ya mallake shi a kan kimanin dala miliyan 80, daga ribar kwangilolin man fetur da ake zargin an same su ta hanyar ba tsohuwar minista Diezani Alison-Madueke toshiyar baki, zargin da ta musanta. Da a ce wani ya lallaɓa ya sayi jirgin a ɓoye alhali ƙurar nan tana tashi, yana murnar ya yi tsintuwa, da bai bambanta da mai sayen inji da tsakar dare ba. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Sai dai adalci ya wajabta in faɗi ɗaya ɓangaren. An sayar da jirgin daga baya da izinin kotu, kuɗinsa kuma ya shiga cikin abin da aka ƙwato. A Janairun 2025 Amurka da Nijeriya suka sa hannu a kan dawo da dala miliyan 52.88 na waɗannan kadarori, miliyan 50 daga ciki domin kai wutar lantarki karkara. Ke nan wanda ya saya a gaban hukuma, da rana tsaka, kuɗinsa ne ya zama hanyar mayar da haƙƙi ga masu shi. Ban ga laifinsa ta wannan fuska ba. Jirgi ƙarfe ne, ba ya ɗaukar zunubi. Hannun da ya miƙa da hannun da ya karɓa su ake tuhuma.

Tambaya ta biyu ita ce mai wuya, domin ko asali ya tsarkaka, ba ta faɗuwa. Masu harkar jiragen kan ƙiyasta cewa riƙe irin wannan jirgi yana lashe kusan kashi 10 cikin 100 na darajarsa a kowace shekara: albashin matuƙa da masu hidima, man dizal, kuɗin tasha, inshora, da gyaran abin da gishirin teku ya ci. Tsufa yana karya farashin jirgi, amma ba ya rage masa ci, sai ma ƙarawa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mai cewa ya yi tattali don ya sayi na hannu, ƙofar shiga kawai ya samu da sauƙi. Ɓarnar tana ciki tana jiransa.

Za a ce dukiyarsa ce, ya fitar da zakka, kuma mutane da dama suna cin abinci a jikin jirgin. Gaskiya ne, kuma addini bai haramta jin daɗi ba. Amma ya hana almubazzaranci, shi kuwa ba da nauyin aljihun mutum kaɗai ake auna shi ba, har da halin da maƙwabtansa suke ciki. A ƙarshen Nuwamban 2021 kwalekwale ya kife a madatsar Watari da ke Ɓagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, mafi yawansu ɗaliban Islamiyya. Ƙasar da yaranta ke cunkusuwa cikin kwalekwale ɗaya tana da buƙatar jiragen ruwa ƙwarai, sai dai ba irin wanda ake shan iska a kansa ba. Jama'a ma sun gane haka: da aka ga naira biliyan 5 ta jirgin shugaban ƙasa a ƙwarya-ƙwaryar kasafin 2023, kukan da aka yi ya sa Majalisar Wakilai ta karkatar da kuɗin zuwa bashin karatun ɗalibai. Wancan kuɗin gwamnati ne, na attajiri kuwa nasa ne, na yarda. Amma attajirin da ya tara a kasuwar da talaka ke ciyarwa bai kamata ya ce idon talaka bai shafe shi ba.

Matsayina shi ne: kalmar "na hannu" bayani ce a kan farashi, ba shaida ce a kan hali ba. Manomin da ya sayi tsohon inji yana iya nuna rasit, ya kuma nuna kwandunan tumatir da ya kai Kwanar Gafan. Mai sayen jirgin alfarma, in ya yi bincike tsakani da Allah, zai iya nuna rasit. Sauran abin da ake bin sa shi ne kwandon, kuma ba kotu ce za ta tambaye shi wannan ba.