Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Magabata suka ce ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake gyaran gora ba ya bukatar dogon bayani. Duma ake bari ya ƙosa, a tsinke shi, a shanya har ya bushe ƙayau, sannan a yanke bakinsa, a ƙwaƙule 'ya'yan da duk abin da ke ciki. Ko da an yi haka da sauran aiki. Sai an ɗura masa ruwa ya kwana, a zubar, a sake ɗurawa, kwana da kwanaki, har ɗacin ya fita. Wanda ya bari sai ayari ya ɗaura kaya sannan ya ɗauko wuƙa, ɗayan biyu ne zai same shi: ko ya kama hanya babu ruwa, ko ya ɗauki ruwan da ba zai iya haɗiyewa ba. Mutanen Adar, da suka gaji tafiya kaka da kakanni, tun daga fataucin Kano da Sakkwato har zuwa biɗar Abijan, ba baƙin wannan magana ba ne.

A Madawa da Buza da Keita, wata irin tafiya ce yanzu a gaban samari da 'yan mata masu BEPC da BAC, da waɗanda suka fito daga Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa. Ita ce neman aikin buga rubutu da shigar da bayanai a kwamfuta, wanda ma'aikata ke kira sezi. Ƙasar nan ta daɗe da sanin furoje, wato ayyukan raya ƙasa da na agaji. A 1975 aka fara dasa layukan bedi a kwarin Majiya don tare iska. A 1984 furojen Keita ya soma, da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO. Yunwar 2005 ta kawo ƙungiyoyin agaji da dama, kuma likitocin MSF sun shafe shekaru suna jinyar yara masu tamowa a Madawa da Buza. A can baya, bik da babban rajista ke riƙe da sunayen ma'aikata da buhunan hatsi. Yanzu kusan komai ya koma cikin na'ura. Ƙididdigar gidajen likita tana shiga manhajar DHIS2, masu bincike a ƙauyuka suna cike tambayoyi a waya da KoboToolbox, lissafin kaya da na kuɗi yana cikin Excel. Duk wannan yana bukatar yatsu, kuma kafin a ɗauki yatsun sai an gwada su.

Gwajin ba shi da wani ɓoye. Galibi a zaunar da mutum gaban kwamfuta, a ajiye masa takarda mai rubutun Faransanci, a ce ya kwafe ta cikin 'yan mintoci. Daga nan a miƙo masa jerin sunaye da garuruwa da lambobi, ya zuba su a jadawali, ya jera, ya fitar da jimla, ya ajiye aikin da sunan da aka faɗa masa. Abu biyu ake dubawa: sauri da yawan kuskure. A yawancin ma'aunai, bugu 5 ake lissafawa kalma ɗaya, kuma mai buga kalma 40 a minti ana ɗaukar sa matsakaici. Babu abin da za a haddace a daren jajibiri. Tarihi ko dokar ƙasa mutum zai iya kwana yana bita, ya wayi gari da wani abu a kai. Ilimin bugu kuwa a yatsu yake zaune, yatsa kuma ba ta koyon abu dare ɗaya.

Masu shagunan buga takardu da fotokofi sun san wannan labari sarai. Da la'asar sakaliya saurayi zai faɗo da gumi, ya ce: "Malam, don Allah ka taimake ni. Gobe da safe ake gwada mu, ka nuna mini Excel ɗin nan." Mai shago ya dube shi ya ce: "Ƙanena, ina kake tun da aka liƙa sanarwa? Zan nuna maka inda ake dannawa, amma hannu ba na aro ba ne." Saurayin yakan kare kansa da cewa ai kullum yana rubutu a waya. Gaskiya ne, sai dai rubutun WhatsApp da manyan yatsu biyu ake yin sa, waya kuma tana ƙarasa wa mutum kalma, tana gyara masa kuskure. A ɗakin gwaji yatsu goma ake bukata, ido a kan takarda, babu mai ƙarasa wa kowa komai.

Akwai wani tarko da ya shafi mu mazauna kusa da iyaka musamman. Kwamfutocin hannu da yawa da ke yawo a garuruwanmu ta Najeriya suke shigowa, kuma kilabiyensu, wato allon maɓallai, irin na Ingilishi ne da ake kira QWERTY. Ofisoshin Nijar kuwa galibi AZERTY na Faransa suke da shi. Bambancin ba ƙarami ba ne. Gurbin A a wancan shi ne gurbin Q a wannan, Z da W sun yi musaya, M ta bar layin ƙasa ta koma gefen L. Lambobin layin sama ba sa fitowa sai an danne maɓallin babban baƙi, in ba haka ba é da è da ç da à ne za su riƙa fitowa. Yarinya za ta yi wata uku tana koyo a kwamfutar yayanta, hannu ya faɗa, ranar gwaji ta zauna ta buga Aminatou, ta ɗaga kai ta ga Q a farkon suna da waƙafi a wurin m. Daga nan zuciya ta fara dukan uku-uku, sauran mintocin su tafi a gogewa. Ba ta yi lalaci ba. Tambaya ɗaya ce ba ta yi ba tun da wuri: a kan wane irin kilabiye za a gwada mu?

Haka lambobi suke da nasu sharaɗi. A lissafin Faransanci waƙafi ke raba cikakkiyar lamba da gutsurenta, nauyin yaro 6,8 ake rubutawa. Wanda ya saba da 6.8 ya buga haka, Excel na Faransanci ba zai lissafa shi cikin lambobi ba, jimla ta fito a karkace. Kwanan wata ma rana ke gaba, wata na biye, alhali na'urar da aka saita irin ta Amurka wata take sawa a gaba. Ga kuma sunayen garuruwa. Kunne yana jin Buza, rajista yana son Bouza. In aka buga Tamaské a wannan layi, Tamaske a wancan, Tamaskey a na gaba, mai tace bayanai zai tarar da gari uku a maimakon ɗaya. Karofane da Ibohamane da Sabon Guida kowanne yana da rubutunsa na hukuma, kuma shi ake bi.

A nan ne hikimar karin maganar ta wuce batun cin gwaji. Goran da ba a fafe da kyau ba, ba mai shi kaɗai yake cutarwa ba, har da duk wanda ya roƙi ruwa a hanya. Kowane layi a jadawali mutum ne. A ma'aunin damtsen yara, ƙasa da milimita 115 tamowa ce mai tsanani. In yatsa ta zame ta buga 151 a madadin 112, yaron da ke bakin haɗari ya koma lafiyayye a takarda. Lambar waya a Nijar alƙaluma 8 ce. Ɗaya ta kuskure, kuɗin tallafin wata gwauruwa ya tafi wayar wani. Mahamadou da Mahamane ba suna ɗaya ba ne a idon hukuma. Harafin da aka kuskure a takardar haihuwa yakan bi yaro har ranar BEPC, uba ya yi ta sintiri tsakanin ofishin magajin gari da gidan shari'a don a gyara. Saboda haka mai hankali yakan fara neman daidai kafin sauri. Sauri yana zuwa da kansa in hannu ya saba, amma hannun da ya saba da kuskure yana da wuyar lanƙwasawa. Mai sezi kuma ba ya gyaran abin da bai gane ba da ka. In rubutun hannu ya shige masa duhu, ya yi alama, ya tambaya.

To, yaya ake shirin? Rabin awa kullum ya fi awa biyar a rana ɗaya. A jikin F da J akwai ɗan tudu da yatsa ke ji, haka ma a jikin 5 na rukunin lambobin dama. An yi su ne don yatsa ta gane gidanta ba tare da ido ya sauka ba. A AZERTY, yatsun hagu suna zama a kan Q, S, D, F, na dama a kan J, K, L, M, kowace yatsa ta je ta buga ta dawo mazauninta. Makon farko abin haushi ne, mutum zai ga kamar da yatsa biyu ya fi sauri. Ya daure, ya rufe hannuwansa da ƙyalle in ya ga ido na satar kallo. Bayan haka ya nemi irin takardun da aikin ke tafe da su: jerin sunayen 'yan aji, tsohon rasit, lissafin buhunan albasa na gonar kawu. Ya sa agogo, ya buga, ya ƙirga kurakuransa, ya rubuta sakamakon kowace rana don ya ga ko yana gaba. Ya saba wa hannunsa da Ctrl da S, domin wuta ba ta sallama kafin ta ɗauke.

Wani zai ce ina ɗan talakan Allakaye ko Garhanga zai samu kwamfuta? Tambaya ce mai nauyi, amma ƙofar ba a rufe take ruf ba. Wayar Android da yawa tana karɓar kilabiye na hannu in aka haɗa su da ɗan igiyar OTG, kuma kuɗin biyun bai kama ƙafar kuɗin kwamfuta ba. Mutum uku ko huɗu za su iya haɗa kuɗi su saya, su riƙa karɓa-karɓa. Mai shagon buga takardu ma ba zai ƙi yaro mai ladabi da zai taya shi aiki a madadin koyo ba.

Wani kuma zai ce wahalar banza ce, aiki sai mai uwa a gindin murhu. Ba za a ce babu son kai a duniya ba. Amma cikin duk gwaje-gwajen ɗaukar aiki, wannan yana cikin waɗanda suka fi wuyar murɗewa, don agogo shaida ne, takarda ma shaida ce. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda aka cusa ba da iyawa ba, rahoton ƙarshen wata zai tona shi. Wanda kuma ya iya aka hana shi yau, iyawarsa tana nan a hannunsa, gobe wata sanarwar za ta fito. Arziki na Allah ne, babu ja, amma dogara ga Allah ba ta hana ɗaura ɗamara.

Kira na ga masu ɗaukar aiki shi ne su faɗi irin kilabiye da manhajar da za a yi gwaji da su tun a cikin sanarwa, su kuma liƙa ta da wuri har a ƙananan garuruwa. Shugabannin makarantu da hukumomin gari su buɗe wa matasa kwamfutocin da ke kwance cikin ƙura, ko da yammacin Asabar ne. Iyaye su ba 'ya'ya mata lokaci da izini su koya, don aikin nan ba ya tambayar ƙarfin damtse. Kai kuma ɗan'uwa, ke kuma 'yar'uwa, kada ku jira sanarwa. Ku nemi kilabiye a makon nan, ku ware rabin awa bayan sallar asuba, ku fara tun ba a kira ku ba. Allah ya ba mai rabo sa'a.