Haƙƙin Mai Tambaya a Gaban Tabarmar Tsofaffin Kuɗi

A Turai da Amurka ana yin bajekolin tsofaffin kuɗi, kuma masu tara su sun daɗe suna kuka da dillalan da ke harare su idan sun yi tambaya, ko su juya musu baya idan sun ga ba su da alamar wadata. A kasuwannin Agye, Gazawa da Gidan Rumji babu rumfunan gilashi. Akwai dai tabarmar ɗan koli, inda anini mai huda, da tamma, da liyari suke kwance tsakanin zobba da duwatsun wuya. Tambayar ɗaya ce: shin wanda ya tsuguna ya tambaya, bai saya ba, yana da wani haƙƙi a kan mai kaya?

Kasuwar Hausa ta riga ta ba da rabin amsa. Idan mai saye ya taya ƙasa da kima, mai kaya ba ya cewa ya ƙi, sai ya ce albarka. Kalmar ƙin amincewa ita kanta addu'a ce. Magabata sun gane cewa ciniki na iya watsewa, mutunci kuwa dole ya koma gida da mai shi. Dillalin da ya ce wa malamin makaranta ya ajiye in ba zai saya ba, ya fita daga wannan tarbiyya tun kafin a zo maganar farashi.

Sauran rabin amsar yana cikin kayan kansu. Mai sayen gero yana ganin gero, yana iya tauna shi. Mai sayen liyari kuwa labari yake saye. Wannan azurfa mai hoton sarauniya Mariya Tereza ta ƙasar Ostiriya nauyinta kimanin giram 28 ne, kuma shekarar 1780 ce a jikinta, ko da an buga ta shekara ɗari da hamsin bayan haka, domin an ci gaba da buga ta da wannan shekara a Viyana, da Landan, da Roma, da Bombai. Lokacin da matafiyi Heinrich Barth ya ratsa Tasawa da Gazawa a watan Janairu na 1851 a kan hanyarsa ta Katsina, wuri ne kuɗin yau da kullum, kuma a Kano ya tarar ana ba da irin wannan azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Saboda haka wanda ya tambayi shekarun liyari ba tsegumi yake ba, abin da zai biya kuɗi a kansa yake tambaya. Dillalin da ya amsa da tsawa ya hana shi auna kaya, kamar mai awo da ya ɓoye tiya. Sau da yawa ma tsawar mayafi ce ga rashin sani, ko ga abin da ya fi wannan muni.

Ba a hana mai kaya uzurinsa ba. Rana ta dafa shi, hannaye goma sun juya tsabarsa babu wanda ya taya, wataƙila an taɓa zare masa ɗaya. Gajiya takan sa a gajarta amsa. Amma ba gajiya ce ke sa a zaɓi wanda za a yi wa fara'a bisa kyan rigarsa ba.

Asarar kuwa ba a wurin mai saye kaɗai take tsayawa ba. Malamin da ke neman aninin Turawan Ingila, wanda aka fara bugawa a 1907 ya kuma tsallako iyaka daga Katsina, so yake ɗalibansa su riƙe shi a hannu, su gane me kakanninsu suka kashe kafin a ƙirƙiro sefa a 1945, su kuma san dalilin da har yau ake kiran tamma biyar dala. Idan an wulaƙanta shi, sai ya tashi ya karkaɗe rigarsa. Aninin ya koma cikin gwangwani, liyarin kuma ya jira maƙerin farfaru, wanda ba ya tambayar shekara, sikeli kawai yake ɗorawa kafin ya hura wuta.