Idon Mai Saye Amana Ce A Hannun Mai Sayarwa

Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin talikai, wanda ya sanya kasuwa hanyar neman halal, Masanin abin da ke bayyane da abin da zukata ke ɓoyewa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa Musulmi, mu mutanen wannan ƙasa, tun daga Maraɗi da Damagaram har zuwa Tawa da Yamai, jama'a ce ta noma da kiwo da fatauci. Da wuya ka sami gidan da ba ya da mai zuwa kasuwa, ko don saye ko don sayarwa. Saboda haka ya wajaba mu tunatar da juna wani al'amari da ke cikin kowane ciniki, ko da yake ba a cika ambatonsa ba. Shi ne cewa kuɗin mai saye suna bin zatonsa ne. Wanda ya tsaya gaban buhun hatsi, bakin buhun kaɗai yake gani. Wanda ya taya rago, ƙibarsa ta ranar nan yake dubawa. Sauran abin da bai gani ba, da zato yake cike shi, kuma bisa wannan zato yake ciro kuɗinsa. Mai kaya kuwa ya san ciki ya san waje. To, wannan rata da ke tsakanin sanin mai kaya da zaton mai saye, nan ne wurin jarrabawar ɗan kasuwa, kuma nan ne Shari'a ta fi tsananta tsaro.

Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, cewa wata rana Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci da ya tara kayansa tsibi. Sai ya cusa hannunsa mai albarka cikin tsibin, yatsunsa suka ji danshi. Da ya tambayi mutumin, sai ya amsa cewa ruwan sama ne ya taɓa kayan. Annabi ya yi masa faɗa a kan rashin sanya jiƙaƙƙen a bisa inda mutane za su gan shi, kuma ya barranta daga duk mai ha'inci. Mu lura, ƴan uwa: ba a ce mutumin nan ya furta ƙarya da bakinsa ba. Jera kaya kawai ya yi, busasshe a sama, jiƙaƙƙe a ƙasa, ya bar idon mai saye ya yaudari mai shi. Wannan ya nuna mana ana yin ƙarya da hannu kamar yadda ake yin ta da harshe. Wanda ya sanya manyan albasa a bakin buhu, ƙanana da ruɓaɓɓu a gindi, da wanda ya zuba yashi cikin hatsi, da wanda ya bubbuge gindin tiya don ta rage ci, duk ƴan uwan mai tsibin nan ne. Game da tauye mudu kuwa, Allah ya saukar da ayoyin farko na Suratul Muɗaffifina, kuma laifin nan yana daga cikin abin da ya halaka mutanen Madyana, jama'ar Annabi Shu'aibu.

Irin wannan hukunci ya zo a kan dabbobi. A cikin Buhari da Muslim an hana mutum ya bar taguwa ko tunkiya kwanaki ba tatsa don hantsarta ta cika, mai saye ya zaci mai yawan nono ce. Shari'a ta ba wanda aka yi wa haka zaɓi bayan ya tatsa: ya riƙe ta in ya so, ko ya mayar da ita tare da sa'i guda na dabino a madadin nonon da ya sha. Sai mu tambayi kanmu, mene ne bambancin wannan da abin da waɗansu ke yi gab da Sallar Layya, su ba rago gishiri ko kanwa, ya sha ruwa har cikinsa ya ɗaga, sannan a ja shi zuwa kasuwa? Talaka ya yi watanni yana tara kuɗi don ya raya sunnar Annabi Ibrahim, ya kai gida, gari na wayewa ya tarar da ƙashi da fata.

Akwai kuma yaudarar da ake yi wa kunne. Malaman fiƙihu suna kiranta najashu, wato mutum ya ƙara tayi alhali ba ya da niyyar saye, don dai wanda ke tsaye ya ji, ya zaci kayan sun kai haka. Abdullahi ɗan Umar ya ruwaito hani a kanta. Dillalin da ya haɗa baki da abokinsa ya zo ya taya saniya da kuɗi masu yawa a gaban baƙo, da wanda ya rantse cewa an taya masa kaza ya ƙi sallamawa alhali babu wanda ya taya, la'adarsu ƙazanta ce. Haka nan an hana taryen masu kawo kaya a hanya kafin su iso kasuwa su ji farashi. Bawan Allah ya fito daga ƙauye da amalankensa, sai a tare shi a bayan gari a ce masa kasuwa ta faɗi yau, ya sallama da araha, ya shigo gari ya tarar an cuce shi. Duk ɗalibin da ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ake karantarwa a zaurukanmu, ya san Malikawa ba su yi sassauci ba game da algus da ɓoye aibi da gauraya mai kyau da maras kyau.

Manya daga cikinmu ba su manta watan Janairu na 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, tamma guda ta Faransa ta tashi daga dala goma zuwa dala ashirin. Kayan da ake shigowa da su daga ƙetare dole su yi tsada, wannan kowa ya sani. Amma tsoro ya riga gaskiya isa kasuwa. Waɗansu suka rufe shaguna da kayan da suka saya da tsohon farashi, suna jiran mutane su firgita. Irin haka aka sake gani lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta a 2019, da kuma lokacin takunkumin 2023. Jita-jita takan tayar da farashi tun kafin kaya su yanke, kuma wanda ya ƙirƙira ta ko ya yaɗa ta don rumbunsa ya yi daraja, ya ci daga yunwar ƴan uwansa. Annabi ya bayyana mai ɓoye abinci don ya yi tsada da cewa mai saɓo ne.

Kada wani ya fahimci cewa Musulunci ya hana ɗan kasuwa gyara kayansa, ko ya hana mai neman sulhu lura da halin wanda yake magana da shi. Ku dubi abin da ya faru a Hudaibiyya cikin shekara ta 6 bayan Hijira. Manzon Allah ya fito da sahabbai kimanin 1,400 da nufin Umura, Ƙuraishawa suka tare hanya, suna zaton yaƙi ne ya kawo shi. Cikin manzannin da suka aiko akwai wani Bakinane, wanda malaman sira suka ambata da suna Hulaisu ɗan Alƙama. Da Annabi ya hango shi, sai ya gaya wa sahabbai cewa mutumin nan daga jama'ar da ke girmama dabbobin hadaya yake, ya yi umurni a koro su gabansa. Hulaisu ya ga raƙuma da alamun hadaya a wuyansu, ya ji mutane suna talbiyya, ya koma yana cewa bai kamata a hana irin waɗannan isa Ɗakin Allah ba. Annabi ya san abin da zai taɓa zuciyar mutumin, kuma ya nuna masa shi. Sai dai abin da ya nuna gaskiya ne: raƙuman na hadaya ne, niyyar ta Umura ce. Ga ma'auni nan, ya ɗan uwa. Ka goge kayanka, ka jera su da kyau, ka faɗi alherinsu, matuƙar abin da mai saye zai zata shi ne abin da zai tarar idan ya kai gida.

A wannan sulhu akwai darasi na biyu. Suhailu ɗan Amru ya ƙi yarda a rubuta laƙabin manzanci cikin takarda, Annabi ya amince a rubuta sunansa da na mahaifinsa. Aka yi sharaɗin Musulmi su koma Madina a shekarar nan, su dawo baɗi, a kuma ajiye makamai shekara 10. Sahabbai da yawa suka ga kamar ƙasƙanci ne, har Sayyidina Umar ya kasa haƙuri ya yi magana. Amma Allah ya kira sulhun nan buɗi, kuma bayan shekara 2 kacal Annabi ya shiga Makka da mutum 10,000. Sau nawa abokan ciniki biyu, ko magada, ko manomi da makiyayi, suka ƙi sulhu mai amfani don gudun kada a ce sun ji tsoro? Tsoron bakin mutane ya cinye dukiyar gidaje masu yawa a gaban alƙali.

Sai kuma ku shugabanni, da masu gida da ke da yaran shago, da masu riƙe da kuɗin masallaci ko na ƙungiya. Bai isa mutum ya zama mai gaskiya a ransa ba, sai ya toshe ƙofar zargi. Wani dare Annabi yana i'itikafi, matarsa Safiyya ta ziyarce shi, ya fito yana rakiyarta. Mutum biyu daga Ansaru suka gan shi suka ƙara sauri, sai ya tsayar da su ya sanar da su cewa Safiyya ce, don tsoron kada Shaiɗan ya jefa wani abu a zukatansu. In mafificin halitta ya yi haka, ina ga ma'ajin da ke jin haushi idan an ce ya kawo lissafi? Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ku rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, ku karanta shi a gaban jama'a. Mai gida ya fayyace wa yaronsa ladansa tun ranar farko, kuma kada ya hukunta shi bisa tsegumi sai ya bincika.

Ya ku ƴan kasuwa, tun kafin annabci mutanen Makka suna kiran Manzon Allah da Amintacce, kuma wannan shaida ce ta sa Nana Hadiza ta danƙa masa dukiyarta ya tafi da ita Sham. Mun ga irin haka a fataucinmu na gida, inda ake ɗora wa mutum kaya daga Kano zuwa Maraɗi bisa kalmarsa kaɗai. Irin wannan suna shekaru ake yi ana gina shi, buhu guda na algus kuwa ya isa ya rushe shi, domin ramin ƙarya ƙurarre ne. Kafin ka sallama kaya, ka tambayi kanka: da mai saye ya san abin da na sani, zai biya wannan kuɗi? In amsar a'a ce, to ka faɗa masa aibin, ko ka rage farashin. Annabi ya sanar da mu cewa masu ciniki biyu in sun yi gaskiya sun bayyana, ana sanya albarka a cinikinsu, in kuwa sun ɓoye sun yi ƙarya, ana shafe albarkar.

Allah ya tsarkake dukiyoyinmu daga haram, ya wadata mu da halal, ya sanya bayyanenmu da ɓoyenmu su zama ɗaya. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya sauƙaƙa wa talakawa tsadar rayuwa, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.